Su Wa Ne Abokan Ɗankwairo?

Mai karatu, in aka tsayar da kai yanzu aka ce ka lissafo abokan marigayi Alhaji Musa Ɗankwairo Maradun, na san ba za ka yi dogon tunani ba. Za ka fara da Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello. Daga nan ka ce 'Yandoton Tsafe Aliyu, ka ce Sarkin Daura Muhammadu Bashar, ka ce Sarkin Kano Ado Bayero. In kai ma'abocin sauraren kaset ne sosai, za ka yi ta zubo sunayen sarakuna da hakimai da attajirai har sai numfashin ka ya ɗauke. To, madalla. Amma ka lura da abu ɗaya: duk wanda ka ambata ɗin nan, mutum ne da Ɗankwairo ya yi wa waƙa. Babu ko ɗaya a cikin su da ya taɓa yin waƙa tare da shi.

A nan ne masu rubutu da masu sharhi kan mawaƙan mu su ka daɗe su na barin jaki su na dukan taiki. Da zarar an ce za a yi maganar hulɗar mawaƙi da jama'a, sai a ɗauko jerin waɗanda ya wasa, a ce ga abokan sa nan. Wane ya ba shi doki, wane ya ba shi mota, wane ya biya masa kujerar Makka. Shi kenan an gama tarihi. Ni kuwa abin da na ke so mu tattauna da kai a wannan wata shi ne, abotar da ta gina Ɗankwairo ta na nan a cikin kowane kaset na sa, ka na jin ta da kunnen ka kullum, amma ba a saba kiran ta da sunan ta ba.

Ubangida daban, aboki daban

Bahaushe ba ya rasa kalma. Ya na da ubangida, ya na da bara, ya na da masoyi, ya na da aboki, ya na da amini, kuma ya san kowanne da mazaunin sa. Abokin ka shi ne wanda ku ke sa hannu a ƙwarya ɗaya, wanda zai iya duban idon ka ya ce maka, "Wane, nan fa ka yi ba daidai ba." Ubangida kuwa ka na cire takalmi kafin ka isa gaban sa, ka gurfana, ka yi gaisuwa, in ya yi magana ka ce gaskiya ne.

Makaɗin fada a ƙasar Hausa ɗan gidan sarki ne. Ci da sha da sutura da muhallin sa duk su na wuyan sarki. Shi kuma aikin sa ya ɗaga martabar ubangidan sa, ya kawo asalin sa kaka da kakanni, ya zuga shi ranar hawa, sannan ya yi wa abokan hamayyar sa zambo da habaici. Wannan na ƙarshen shi ne mai tsada. Duk ɗan sarkin da ya nemi sarauta ya rasa, duk bafaden da ba ya ga maciji da mai gari, ya zama abin sukar makaɗi ko da bai taɓa yi masa laifin komai ba. Wato makaɗi ya kan gaji maƙiyan ubangidan sa tun ubangidan ya na raye. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

Kada ka ɗauka ina raina wannan dangantaka. Akwai amana a cikin ta mai nauyin gaske. Dubi Ibrahim Narambaɗa Tubali, wanda ya ƙare rayuwar sa a gindin Sarkin Gobir na Isa Amadu, har ya zama ba ka iya ambaton ɗaya ba ka tuna ɗaya ba. Dubi Salihu Jankiɗi, mutumin Rawayya, da ya zama Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na III. Sannan dubi Sa'idu Faru da Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo: ya yi shekaru ya na wasa ɗan sarki da fatan wata rana ya gaji gadon mahaifin sa, amma da Allah ya kawo lokacin a 1996, Sa'idu ya riga ya kwanta dama. Bai ga ranar ba, bai ci ko sisi daga cikin ta ba. Wannan ai ya wuce neman abinci. Amma ko shi ɗin, sunan sa biyayya da riƙon amana. Abota kuwa ta na son mutum biyu su tsaya kafaɗa da kafaɗa, fada kuma ba a gina ta don haka ba.

Ɗankwairo da zamanin da ya sauya

Shi Ɗankwairo ƙaddarar sa ta bambanta da ta Narambaɗa, don kuwa zamani ya juya a kan idon sa. An haife shi a ƙasar Bakura a farkon ƙarni na 20, ya tashi a gidan kiɗa a ƙasar Maradun, ya rasu a 1991, shekara 5 kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara. A tsakanin nan ya ga mulkin Turawa, ya ga siyasar jam'iyyu, ya ga soja.

Haɗuwar sa da Sardauna ita ta fitar da shi daga makaɗin yanki ɗaya ta maida shi na Arewa baki ɗaya. Waƙar da aka fi sani da "Mai Dubun Nasara" ta zo daidai lokacin da gidan rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ke kai muryar makaɗa lungu da saƙo. Mutumin Gummi da mutumin Yola su ka riƙa jin murya ɗaya a dare ɗaya. To amma wannan zama bai yi tsawo ba. Ranar 15 ga Janairu, 1966 aka kashe Sardauna. Bayan nan gwamnatin soja ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, sannan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya zo ya ƙarasa rage wa sarakuna iko da baitulmali. Fadar da a da ta ke iya riƙe makaɗi da iyalin sa da yaran sa shekara da shekaru, sai ta koma ita ma ta na jiran albashi.

Shi ya sa ka ke ganin sunaye da yawa a kundin Ɗankwairo. Ya zauna da 'Yandoton Tsafe Aliyu, wanda ya yi wa "Shirya Kayan Faɗa", ya je Daura, ya je Kano, ya je sauran masarautu. Wasu na kallon wannan a matsayin shaidar yawan abokai. Ni a gani na shaida ce ta makaɗin da ya gane cewa inuwa ɗaya ba ta ƙara isar tawaga, dole a yi ta tafiya. Sarki goma, zamani goma. Abin tambaya shi ne, a duk wannan yawo, daga fada zuwa fada, daga mulki zuwa mulki, su wa ne ba su sauya ba? Su wa ke cikin motar?

Kafin in ba ka amsa, bari in kawo maka inda ubangida ya zama amini da gaske, don kada ka ce na rufe ƙofa. Alhaji Mamman Shata mutumin Musawa ne, ya yi zaman sa a Funtuwa, ya rasu a Kano ranar 18 ga Yuni, 1999. Amma kabarin sa ya na Daura, garin Sarki Muhammadu Bashar. Ba garin haihuwar sa ba ne, ba garin da ya tara iyali ba ne. Mota da doki a kan ba kowane maroƙi, amma makwanci sai wanda aka ɗauka ɗan gida. Wannan hujja ce da ta fi kowace baitin yabo ƙarfi, kuma irin ta ya kamata mai nazari ya nema kafin ya kira wani abokin mawaƙi. Haka nan tsakanin Ɗan Anace da Shago: ɗaya makaɗi, ɗaya ɗan dambe, babu rawani a tsakanin su, kowanne ya ɗaga sunan ɗan'uwan sa. Da babu dantsen Shago da waƙar ba ta samu abin faɗa ba, da babu bakin Ɗan Anace da yau an manta da Shago kamar yadda aka manta da ɗaruruwan 'yan damben zamanin sa.

Saurara da kunnen basira

Yanzu ɗauko kowace waƙa ta Ɗankwairo, a kaset ne ko a waya, ka kunna. A wannan karon kada ka bi ma'anar kalmomi. Ka bi muryoyi. Ka ƙirga sau nawa Ɗankwairo ya fara magana ya kai ta ƙarshe shi kaɗai.

Za ka tarar ba su da yawa. Abin da ya fi yi shi ne ya ɗauko zance, ya kai shi rabi, ya sake shi. Kafin ya faɗi ƙasa 'yan amshi sun cafe, sun ƙarasa, wani lokaci su ɗora wani zancen a kai wanda bai fito daga bakin sa ba sam. Wani lokaci su rabu biyu, waɗannan su miƙa wa waɗancan, waɗancan su dawo da shi, shi kuma jagora ya na gefe ya na jiran gaɓar da zai sake shigowa, kotso na tafe a ƙarƙashi. Masu nazarin waƙar baka, musamman Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, sun ba waɗannan dabaru sunaye, irin su ƙari da karɓeɓeniya, don a bambanta su da amshi zalla, wato maimaita gindin waƙa.

Gwada wannan da Shata. Shi 'yan amshin sa gindin waƙa kawai su ke riƙewa, su yi ta maimaita shi, shi kuwa ya yi ta zuba ɗiya yadda ya ga dama, nan take, ko a ina ne. Saboda haka Shata ba ya bukatar kowa ya san abin da zai faɗa. In an canza masa 'yan amshi yau, gobe waƙa za ta fita. Wannan shi ya ba shi 'yancin da ya yi suna da shi, kuma shi ya sa in ka na neman aminan Shata sai ka fita wajen tawaga, ka bi sunayen da ke cikin waƙa.

Ɗankwairo ba shi da wannan 'yanci, kuma bai neme shi ba. Irin waƙar sa a gida a ke shirya ta, a zauna a tsara, a yi ta bita har ta zauna a kan kowa, sannan a fita da ita gaban sarki. Ka yi tunanin abin da wannan ke nufi. Mutum ya tsaya a gaban mai martaba, fada ta cika, 'yan sarki na zaune su na kasa kunne su ji wa za a yi wa habaici yau, sai ya fara magana mai kaifi ya bar rabin ta a bakin wasu. In ɗan amshi ya manta, an ji kunya. In ya yi gaggawa ko ya makara, waƙa ta karye. In ya karkatar da kalma ɗaya, yabo na iya komawa zagi, kuma wanda za a kama da laifi shi ne mai sunan. Wallahi ba ƙaramar yarda ba ce mutum ya damƙa wa wani harshen sa a irin wannan wuri. Sarki na iya ba ka doki, amma ba ya ƙarasa maka magana.

Kuma a zaman bitar nan ne kaɗai a ke samun wanda zai ce wa Ɗankwairo wannan ɗa bai zauna ba, a sake. Ba a fada ba, ba a gidan attajiri ba. Ka tuna ma'anar aboki da mu ka fara da ita? To ga ta nan.

Sunan ma na wani ne

Abin da zai ƙara ba ka mamaki, shi kan sa laƙabin da duniya ta san shi da shi daga cikin tawaga ya fito. Masu tarihin sa sun ruwaito cewa a cikin yaran mahaifin sa, Usman Ɗankwanda, akwai wani mai zaƙin murya da a ke kira da wannan suna, da Musa ya taso da irin muryar sai aka laƙaba masa. Ka ga kenan duk ranar da mai gabatarwa a rediyo ya ce ga waƙar Ɗankwairo, ya na ambaton wani bawan Allah da ya yi rayuwar sa a sahun baya, wanda ba mu da hoton sa, ba mu da muryar sa.

Shi ma Musa a sahun bayan ya fara. Ya yi wa mahaifin sa amshi. Da jagoranci ya koma hannun yayan sa Abdu Kurna, sai ya zama Daudun Kiɗi, wato na biyu a tawaga, ya ci gaba da karɓa wa wani. Ya daɗe a haka kafin ya ja ta sa tawagar. Mutumin da ya yi shekaru ya na ƙarasa wa wasu magana ya san nauyin aikin, ya san inda numfashin ɗan amshi ke ƙarewa, ya san irin gaɓar da za a saki zance a cafe shi ba tare da tuntuɓe ba. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Ina ganin daga nan ne waƙoƙin sa su ka samo wannan cika da ka ke ji, kamar gini mai ginshiƙai da yawa.

Kada kuma ka manta gidan su da kiɗan noma ya fara. Waƙar gayya ba ta mutum ɗaya ba ce. Makaɗi na bin manoma kunya-kunya, ya kira wannan ya kira wancan, su amsa da baki su amsa da fartanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wannan shi ne karatun farko da gona ke koyarwa. Ɗankwairo ya shiga fada da wannan tarbiyya, ya sa mata babbar riga.

Ba mu kaɗai ba ne

Wannan ɗabi'a ta ƙirga manya a bar abokan aiki ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Turawa na da wani nau'in wasan kwaikwayo da a ke rera shi da waƙa tun daga farko har ƙarshe, su na kiran sa ofera, kuma a Italiya ya samo asali. Shi ma ba ya yiwuwa da murya ɗaya, sai an haɗa manyan mawaƙa da rundunar 'yan amshi da makaɗa, an yi makonni a na bita. A cikin mawaƙan sa na ƙarnin da ya wuce babu wanda ya kai Luciano Pavarotti suna, wanda ya rasu a 2007. Jaridu sun fi son su ba da labarin sanayyar sa da Gimbiya Diana ta Ingila, wadda ta zauna cikin ruwan sama ta kalli wasan sa a Landan a 1991. Amma in ka tambayi masana fannin, sunan da za su fara kawo maka shi ne Mirella Freni. Garin su ɗaya, Modena, shekarar haihuwar su ɗaya, 1935, iyayen su mata a masana'antar taba ɗaya su ka yi aiki, har mace ɗaya ce ta shayar da su su na jarirai. Su ka girma su ka riƙa hawa dandamali tare, ɗaya na karɓa wa ɗaya.

Bambancin mu da su guda ne. Su sunan Freni a rubuce ya ke a jikin faifai, an yi hira da ita, an ajiye. Mu kuwa ɗauko kwalin kaset ɗin Ɗankwairo ka duba. Hoton mutum ɗaya, sunan mutum ɗaya, sai sunan wanda aka yi wa waƙa.

Na san abin da za ka ce

Za ka ce, Malam, ai su ma 'yan amshin barori ne. Shi ke ci da su, shi ke raba masu abin da aka samo, ya ɗauki kaso mafi tsoka. Wasun su ƙannen sa ne, wasu 'ya'yan sa ne. Ina abota tsakanin uba da ɗa, ko tsakanin maigida da yaron sa? In ka hana sarki zama abokin makaɗi saboda fifiko, don me za ka yarda makaɗi ya zama abokin yaran sa?

Maganar ka ta na kan hanya, kuma ba na musun cewa a tawagar kiɗa akwai babba akwai ƙarami, akwai kuma ɓacin rai a wurin rabo kamar kowace sana'a da kuɗi ke shiga. Amma duba inda bukata ta ke. Sarki in ya rasa makaɗi, sarki ne. Wani makaɗin zai zo gobe da safe. Ɗankwairo in ya rasa mutanen da su ka haddace waƙoƙin sa, su ka san lokacin shiga da lokacin fita, to rabin kowace waƙa ya tafi da su, sai an shekara a na koya wa wasu. Su na bukatar sa don abinci, ya na bukatar su don ya zama Ɗankwairo. Inda bukata ta ke tafiya ta dawo haka, ko an so ko ba a so sai an ga girman juna. Ga kuma doguwar tafiya, ga kwana a zauren baƙi, ga jiran sallama daga mai gari kwana da kwanaki, ga ranar da aka samu da ranar da aka dawo hannu rabbana. Zumunta a ƙafa ta ke, in ji masu iya magana, su kuwa waɗannan ƙafar su ɗaya shekara da shekaru.

Sannan akwai hujja ta ƙarshe, irin ta kabarin Shata. Bayan 1991, su wa su ka ci gaba da rera waƙoƙin? Waɗanda aka yi wa su sun bi shi ɗaya bayan ɗaya, Sarki Bashar a 2007, Sarki Ado a 2014. Waƙoƙin kuwa sun ci gaba da fita daga bakin 'ya'ya da yaran gidan, waɗanda su ka tsaya a bayan sa.

Abin da mu ke asara

Wataƙila ka ce to mene ne a ciki, ko an kira su abokai ko an kira su yara, ai waƙa ta riga ta yi daɗi. Akwai abu a ciki, mai karatu, har guda uku.

Na farko, gaskiyar tarihin adabi. In waƙa a zaman bita a ke gina ta, to akwai ɗiyan da mu ke yaba wa Ɗankwairo alhali wani ne ya kawo su, ko ya gyara su. Wannan ba ya rage masa komai, don shi ne mai zaɓe da tsarawa, kuma yabon gwani ya zama dole. Amma nazarin da bai tambayi yadda a ke wannan zama ba, ya bar ɗakin girki ya tsaya yabon akushi. Malaman jami'a sun yi ƙoƙari ƙwarai. Littattafan Farfesa Gusau, da littafin Farfesa Aliyu Muhammad Bunza a kan Narambaɗa, da "Shata Ikon Allah!" na su Ibrahim Sheme da ya fito a 2006, duk sun ceto abubuwa masu yawa daga ɓacewa. Abin da ya rage shi ne a juya abin naɗar magana ya fuskanci sahun baya, a ba ɗan amshi babi na sa, ba layi ɗaya a jerin sunaye ba.

Na biyu, mawaƙan mu na yau. Shiga kowane situdiyo a Kano ko Kaduna ko Gusau ka gani. Mawaƙi ya zo shi kaɗai, mai kiɗa ya haɗa masa sauti a kwamfuta, a kira mai amshi ta yi na ta a biya ta ta tafi, wani lokaci ma ba su haɗu da mawaƙin ba. In a na son muryoyi da yawa, na'ura ta ninka murya ɗaya. Aiki ya yi sauƙi, ya yi arha, ba na musu. Amma wa zai ce wa mawaƙin wannan baiti bai zauna ba? Babu. Saura mai ba da kuɗi kaɗai, shi kuwa abin da ya ke so a faɗa shi a ke faɗa. Yaran nan sun gaji ubangida daga su Ɗankwairo, sun bar tawaga a baya, shi ya sa waƙar yabo ta yi yawa amma wadda za ta shekara 50 a na sauraro ta yi ƙaranci. Haka su ma 'yan fim: duk ranar da wani furodusa ya yi niyyar shirya fim kan rayuwar wani makaɗin fada, ina roƙon sa ya rage hawan daba da algaita, ya kai kyamara zauren da a ke bita. A can wasan ya ke.

Na uku, lokaci. Yammacin Zamfara ƙasar sarauta ce da noma, ga Sarkin Zamfaran Anka, ga Sarkin Mafaran Gummi, ga Sarkin Dankon Bukkuyum, ga hakimai da dagatai a ƙarƙashin su, kuma inda duk aka samu rawani da gona a ƙasar Hausa an samu makaɗi da masu karɓa masa. Amma yau da me duniya ta san wannan yanki? Ta san 'Yargalma da Dareta da Bagega saboda gubar dalma da ta ɓulla a 2010 ta kashe yara sama da 400. Bayan nan ta san shi da 'yan bindiga da garuruwan da aka tasa. 'Yan jarida sun zo daga ko'ina da kyamarori, kuma sun kyauta da su ka zo. Sai dai tsohon da ya yi ƙuruciyar sa ya na amshi a gayya ko a ƙofar fada, wanda kan sa ke cike da waƙoƙin da ba a taɓa naɗa ba, shi ba a zo domin sa ba. In garin su ya watse, ya koma gudun hijira a Anka ko Gummi, tawagar da ta rage ta watse kenan, waƙar da sai da baki huɗu ko biyar ta ke tashi ba ta tashi da baki ɗaya.

Saboda haka ga ɗan aikin da zan bar maka. In kai ɗalibin Hausa ne a Sakkwato ko Gusau ko Kano ka na neman abin da za ka rubuta kundi a kai, bar jera sunayen sarakunan da aka wasa, an yi wannan an gama. Nemi wanda ya yi wa wani makaɗi amshi. In kuwa kai ba ɗalibi ba ne, amma akwai irin wannan dattijo a unguwar ku, wayar da ke hannun ka ta isa. Je ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ya ku ke shirya waƙa a zamanin ku? Wa ke kawo gindi? In an yi saɓani wa ke raba gardama? Ya a ke rabon abin da aka samo?" Ka bar shi ya yi magana, kada ka katse shi. In ya ambaci sunayen waɗanda su ka tsaya tare, ka rubuta su duka, da garuruwan su.